Darakta da Ɗan Lukuti

Babu wanda ya naɗa shi Darakta. Shi ya buga wa kansa kati da sunan, ya bi layinmu yana rabawa, har mai facin taya sai da ya samu. Aikinsa na gaskiya a shagon yayarsa shi ne ɗaukar tsani. Ita ke zama gaban kwamfuta ta tsara alluna da katuna da sitika, inji ya buga, shi kuma ya saɓi tsani ya je ya kafa. Amma in ka ji shi da yamma a bakin shago yana zuba, sai ka rantse yayar ce ke masa shara. Ba a taɓa kawo zancen da bai riga kowa sani ba. Ka ce an ƙera sabon inji a wata ƙasa, zai ce ai sai da aka nemi shawararsa.

Ana nan sai 'yar Yaya ta haihu a wani gari, tafiya ta kama ta dole. Ta duba hagu ta duba dama, babu wanda za ta bar wa shago sai ƙanen nata. Ranar tafiya ta tsayar da shi a bakin ƙofa, makulli a hannunta, ta daɗe tana kallonsa kafin ta sake shi.

"Ga shi. In na dawo na tarar da masu kawo mana aiki yadda na bar su, babu wanda ya gudu, makullin nan ya zama naka, in sa sunanka a allo kusa da nawa. In kuwa ɓarna na tarar, to kai da tsani har tsufa."

Ya ce mata ta tafi hankali kwance, in ta dawo ma ba za ta gane layin ba. Ta ce abin da take tsoro ke nan.

Motarta ba ta gama fita layi ba ya haye kujerarta, ya ɗaga ta sama har ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa. Yana cikin tone-tone a kwamfuta ya ci karo da wani salon harafi da Yaya ta saya ta ajiye, ba ta kai ga aiki da shi ba. Ba zan ci zalin harafin ba, yana da kyau. Kakkaura ne, mai kumatu, ko'ina a jikinsa a mulmule yake, babu kusurwa ko ɗaya da za ta soki ido. Kowane harafi yana tsaye kan wasu faffaɗan ƙafafu masu kauri, su ma bakinsu a zagaye, kamar yaron da ya zura takalmin babansa. In aka rubuta kalma da shi manya-manya, sai ka ga tana maka fara'a tun daga nesa. Don babban allo aka yi shi, mai 'yan kalmomi kaɗan, a hango a ji daɗi a wuce.

Darakta ya kamu nan take. Ya raɗa masa suna Ɗan Lukuti. Daga nan ya koma kan sauran haruffan da Yaya ta shekara tana tarawa, masu tsayi da sirara da na ƙaramin rubutu, ya yi musu kallon raini, ya ce duk yunwa ce ke damunsu, kuma ba zai zauna shago ɗaya da su ba. Ya share su kaf. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce mata ta san da wa take magana kuwa.

Wanda ya fara faɗawa hannunsa shi ne Dogo mai aski. A layinmu masu aski biyu ne, Dogo da Gajere, kuma ba sa ga-maciji da juna. Da can shago ɗaya suke, suka yi faɗa a kan madubi, aka ja bango a tsakiya aka raba. Ƙofa na jikin ƙofa, amma har fenti suka ja a ƙasa don kada tsintsiyar wannan ta ƙetara wajen wancan. In Dogo ya kunna rediyo, Gajere sai ya kunna nasa ya fi ƙarfi. Ko sunan juna ba sa kira, kowa "wancan" yake cewa.

Dogo ya shigo ya ce allo yake so wanda in wancan ya gani abinci ba zai ciwu ba. Darakta ya tashi ya tura ƙofa, ya leƙa ta taga, sannan ya juyo masa da fuskar kwamfuta a hankali kamar mai nuna kayan sata. Sunan shagon Dogo ya fito ja a kan rawaya, yana ta fara'a. Dogo ya saki baki.

"Wannan harafin," in ji Darakta, murya ƙasa-ƙasa, "duk garin nan kai kaɗai."

Dogo ya ce ya rantse. Ya rantse, har da dafa ƙirji.

Washegari Gajere, wanda ya ga shigar wancan kuma ya ga fitowarsa yana washe baki, ya zo da tasa buƙatar. Aka tura ƙofa, aka leƙa taga, aka juya kwamfuta. Gajere ya tambayi me aka ba wancan. Darakta ya yatsine fuska ya ce wani siriri ne mai dogon wuya irin mai shi, abin tausayi. Shi ma aka ce masa shi kaɗai, shi ma aka dafa masa ƙirji.

Daga nan abin ya zame wa Darakta kamar ƙaiƙayi. Ya bi layin shago-shago, tela, mai walda, mai kemis, Barista mai ofis a saman bene, har mai facin taya da bai taɓa mallakar allo ba sai tsohuwar taya da ya rataye a icce. Kowa a keɓe ya same shi, kowa ya ce masa shi kaɗai, sauran duk gama-gari za a yi musu. Kuma ya kafa sharaɗi: kowane allo a rufe za a kafa shi, ba mai leƙawa, sai ranar da Yaya za ta dawo a yaye su gaba ɗaya. Kowa ya yarda da sauri, domin kowa na jiran ranar da maƙwabcinsa zai ji kunya. Mutanen layinmu ke nan, ba na kare su.

Matsala ta fara ne daga ƙananan ayyuka. Mai kemis ya saba kawo 'yan takardun da ake liƙawa a jikin kwalba, masu faɗin yadda za a sha magani. Darakta ya buga masa da Ɗan Lukuti, tunda babu wani. To harafi mai ƙiba in aka matse shi ya zama ƙarami, ramukan cikinsa toshewa suke, tawada ta haɗe. Abin da ya fito jerin baƙaƙen ɗigo ne kamar ƙudaje sun yi sahu. Wata tsohuwa ta komo kemis da kwalbarta ta ce jikokinta duk sun duba, an rasa mai karantawa, ɗaya ma cewa ya yi ado ne.

Mai kemis ya taho shago da kwalbar a hannu, ransa a ɓace, ya ce a mayar masa da siririn rubutun da Yaya ke yi masa.

"An daina yayinsa," in ji Darakta.

"Ni ba yayi nake sayarwa ba, magani nake sayarwa."

"To ai shi ya sa. Mara lafiya yana buƙatar fara'a. Wancan rubutun naku ko mai lafiya ya gani sai ya kwanta."

Mai kemis ya ce fara'ar da ba a iya karantawa ta zauna a gidansu. Darakta ya ce laifin kwalbar ne da ta yi ƙanƙanta, Ɗan Lukuti ba ya zama a ƙuntataccen wuri. Ya karɓi aikin ya sake bugawa manya-manya. Yanzu kam ana karantawa tun daga tsallaken titi, sai dai takardar ta ninka kwalbar girma. Ya liƙa ta a wuyan kwalba tana reto kamar tuta. Haka mutane suka riƙa fitowa daga kemis, duk wanda ke layin ya san wane yana shan maganin basir safe da yamma. Wani magidanci ya cusa tasa cikin riga, takardar ta leƙo ta wuya.

Sai Barista. Shi takardar gargaɗi ya aiko a buga masa da gaggawa, zuwa ga wani ɗan haya mai taurin kai da ake so ya tashi daga gidan mutane. Kalaman masu zafi ne, irin na lauyoyi, har da ambaton kotu. Darakta ya zuba mata Ɗan Lukuti tun daga sama har ƙasa, ya ga gefe ya yi fili, ya ƙara mata zanen fure. Ɗan hayan ba gwanin karatu ba ne. Ya ga takarda mai kumatu da fure da sunansa a tsakiya, sai ga shi a ofishin Barista cikin sabon ɗinki, da matarsa, da kwalin lemo, suna tambaya ina ake taron.

Barista ya sauko daga bene ko tsayawa jan numfashi bai yi ba. Ya ce shekarunsa nawa yana tsorata mutane da takarda, yau an mayar da shi mai raba katin biki. Darakta ya ce ranka ya daɗe, a duba abin da kyau: da can in an aika wa mutumin nan takarda yana zuwa? Barista ya ce ba ya zuwa. Darakta ya ce to yau ga shi ya zo da ƙafarsa har da iyali. Barista ya juya ya koma bene. Karon farko ke nan da muka ga an kashe masa baki, kuma abin takaici, wawa ne ya kashe.

Wannan nasara ta ƙara kumbura Darakta. Da Yaya ta bugo waya tana tambayar shago, ya ce mata masu kawo aiki har layi suke yi a ƙofa. Bai yi ƙarya ba, layi suke yi, sai dai kowa da abin da ya zo mayarwa.

Ana cikin haka allunan suka kawo tasu rigimar. Ɗan Lukuti faɗi gare shi, kowane harafi sai ya ci wurin biyu. Sunan shagon Dogo ya ƙi shiga allonsa. Mai hankali zai rage girman harafin. Darakta ya ce ba a rage wa Ɗan Lukuti daraja, sai dai allo ya ƙaru. Aka ƙara katako. Da aka kafa shi a rufe, Gajere ya fito ya auna da ido, ya ga na wancan ya fi nasa tsawo, ya taho a fusace ya ce a ƙara masa. Aka ƙara. Dogo ya gani ya ce shi ma. Haka aka yi ta ƙari, wannan na matsowa, wancan na matsowa, har allunan biyu suka haɗa baki daidai saman fentin nan na ƙasa. Da nauyi ya yi yawa suka fara sunkuyowa, Darakta ya sa dogon katako guda a bayansu ya ɗinke su da ƙusa, bai gaya wa kowa ba.

Kayan rufi kuwa daga gidansa suka fito. Matarsa ta dawo daga unguwa ta tarar babu zanin gado, babu labule, har mayafin teburin cin abinci ya tafi. Ta biyo sawu ta same shi a kan tsani yana ɗaure zanin gadonta mai furanni a saman shagon mai walda.

"Maigida, zanin da muke kwana a kai ne ka shanya wa duniya?"

"Tarihi ake kafawa, ke kina zancen zani."

"To tarihin ya zo ya rufa mana taga, maƙwabta na kallonmu."

Ya ce ta yi haƙuri, in makulli ya zama nasa, labulen da zai saka mata sai an zo kallo daga wata unguwa. Ta ce wanda ake kallo yanzu ma ya ishe ta. Ta tafi tana faɗin cewa ita dai ranar ba za ta zo ba, amma da ranar ta zo ita ce a gaba, ta ce ba za a ba ta labari ba.

Ranar dawowar Yaya, Darakta ya sa kwat, ya ɗauko hayar lasifika da makirufo marar waya, ya jera kujeru a bakin titi. Ya ɗaura igiya ɗaya da ta ratsa dukkan zannuwan, daga kemis har iccen mai facin taya, yadda fizga guda za ta yaye komai. Masu shaguna suka fito kowa cikin shiga mai kyau, kowa na satar kallon maƙwabcinsa da tausayi. Dogo ya bar wani mutum da rabin aski ya fito. Gajere ya fito da kilifa a hannu, ya tsaya a nasa gefen fentin.

Tasi ta sauke Yaya a bakin layi da hantsi. Ta tsaya da jakarta tana kallon zannuwa da labule a saman shaguna, ta tambayi tela ko ruwa ne ya shiga gidajen mutane aka fito da kaya shanya. Kafin ya ba ta amsa, muryar ƙanenta ta cika layin.

Jawabin ya yi tsawo. Ya yi bayanin yadda ya tarar da layin nan cikin duhu, yadda ya yi nazarin haruffan duniya kaf ya zaɓi guda, yadda manyan kamfanoni ke nemansa yana ce musu danginsa tukuna. Ya gode wa yayarsa da ta riƙe masa shagon kafin ya shirya. Yaya ta ajiye jakarta a ƙasa. Darakta ya kama igiya ya ja. Ba abin da ya motsa. Ya naɗe ta a hannu, ya tokare ƙafa, ya fizga da ƙarfinsa duka, zannuwa suka zubo a tare, shi kuma ya zauna daɓas a ƙasa.

Kowa ya ɗaga kai.

Daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ja ne a kan rawaya, kumatu da faffaɗan ƙafafu. Kemis na fara'a, walda na fara'a, ofishin Barista na fara'a ya fi kowa. Ka ce kamfani ɗaya ne ya saye layin ya zuba rassa. Mutanenmu kuwa da yawa ba karanta allo suke ba, kamanninsa suka sani: kore na kemis ne, baƙi na Barista, taya a icce ta mai faci. Tun ba a gama mamaki ba sai ga wani ya gangaro da tayar babur ya nufi matakalar Barista, wata mata kuma ta miƙa wa mai walda yadi tana cewa riga da zani.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ke saman masu aski. Allunan biyu sun haɗe, launi ɗaya, harafi ɗaya, tsayi ɗaya, babu ko tsaga a tsakani. Abin da ido ke gani shi ne ƙaton shago guda mai ƙofa biyu, sunan Dogo da na Gajere a jere suna murmushi. Wani dattijo da ya sha wahalar sasanta su a baya ya kasa, ya miƙe daga kujera idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ashe zai ga wannan rana. Ya kamo hannun Dogo, ya kamo na Gajere da kilifar da komai, ya haɗa su, jama'a suka ɗau tafi. Har mai rabin askin nan ya fito da ƙyalle a wuya yana musu barka, yana cewa yanzu ko wanne ma ya ƙarasa masa.

Dogo ya fizge hannunsa yana gogewa a riga. Ya juya wajen Darakta, wanda ke karkaɗe bayan kwat.

"Ba ce min ka yi ni kaɗai ba?"

"Kai kaɗai?" in ji Gajere. Rabon da ya tanka wa maganar Dogo har an manta. "Ni ya ce wa ni kaɗai. Har da dafa ƙirji."

Tela ya ce shi ma an dafa masa. Mai walda ya ce shi sau biyu ma. Maganar ta bi layin kamar wutar kara, kowa na ɗaga hannu, har mai facin taya, wanda ya ce shi ya ɗauka don talaucinsa aka tausaya masa aka ware shi.

Darakta ya gyara wuyan kwat ya kai makirufo baki. Ya ce jama'a a yi adalci. Lokacin da ya ce wa Dogo shi kaɗai, wallahi shi kaɗai ne. Abin da ya biyo baya ci gaba ne, kuma ba a tsayar da ci gaba saboda mutum ɗaya. Barista ya ce daga inda yake tsaye, wannan bayanin ya maimaita shi a gaban alƙali, shi zai buga masa takardar gayyatar da kansa.

Dogo bai tsaya jin sauran ba. Ya hau kujera ya kama gefen allonsa ya ce sai ya raba sunansa da na wancan ko da haƙori. Gajere ya hau tasa kujerar ya kama nasa gefen. Wannan ya ja gabas, wancan ya ja yamma, dogon katakon nan na baya ya ƙi saki. Da suka haɗa ƙarfi, abin da ba su taɓa yi ba tun rabuwarsu, sai bango ya saki. Allon ya taho gaba ɗaya, ya tafi da rumfar kemis, ya kife kujerun taro, ya kwanta a tsakiyar titi rigingine yana ta fara'a. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, sai mai kemis da ya tsaya yana kallon inda rumfarsa take a da.

Sai a lokacin Yaya ta ɗauki jakarta. Ta bi masu shagunan ɗaya bayan ɗaya tana ba su haƙuri, ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa, tana da tsarin allon kowa na da, za ta mayar wa kowa da nasa. Sannan ta kama hannun kwat ɗin ƙanenta ta ja shi cikin shago ta rufe ƙofa. Ta yi haka ne don ta rufa masa asiri. Ta manta, shi ma ya manta, makirufo na hannunsa a kunne.

Muna tsaye a titi muka ji ƙarar kujera ana sauke ta, muka ji taɓa kwamfuta, sannan muryar Yaya ta fito ta lasifika tar.

"Ina haruffana?"

"Waɗanne, Yaya?"

"Waɗanda na bari. Na kemis, na Barista, na kowa."

Muna jin numfashinsa ta lasifika.

"Ai na rage cunkoso ne."

"Nawa ka rage?"

"Duka."

Matarsa da ke tattara zannuwanta a titi ta dafe kai ta zauna a bakin kwata. Mai kemis ya ce to ashe yayin da aka daina ke nan. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka ɗauka, har Barista sai da ya cire tabarau ya share ido. Ni dai ban yi dariya sosai ba, don na san shekarun da baiwar Allah nan ta yi tana tara kayan aikinta, kuma na ji yadda muryarta ta karye a tambayar ƙarshe.

Da suka fito, Darakta ya ga fuskokinmu, ya dubi hannunsa, ya gane. Ya kashe makirufon a hankali kamar hakan zai mayar da maganar ciki.

Daidai nan wata mota ta tsaya saboda allon da ya tare titi. Wata mata ta fito, baƙuwa ce a layin, ta zagaya allon tana kallo, ta ɗaga kai ta bi sauran da ido, fuskarta ta washe. Ta ce don Allah wa ya yi wannan rubutun. Makarantar renon yara za ta buɗe, ta zaga gari tana neman harafin da yaro zai gani ya ji yana son shiga, ba ta samu ba sai yau. Allo take so, da na jikin motar ɗaukar yara, da na ƙofar kowane aji.

Darakta ya farfaɗo kamar an yayyafa masa ruwa. Ya ja kwat, ya tako gaba, hannunsa har ya tafi aljihun da katinsa yake. Yaya ta sa hannu ta tare shi a ƙirji.

"Shigo ciki, 'yar'uwa, ni zan yi miki. Don irin aikinki na saye shi."

Sannan ta juya ta shimfiɗa wa ƙanenta tafin hannu. Ya fara cewa Yaya ai kin ga dai idona bai yi ƙarya ba, ta ƙara matso da hannun. Ya laluba aljihun nan, ya laluba wancan, kamar bai san inda yake ba, daga ƙarshe ya zaro makullin ya ajiye mata. Baƙuwar ta dube shi da kwat ɗinsa ta tambaya ko shi ne mai shagon.

"A'a," in ji Yaya. "Shi zai zo ya kafa miki in an gama. Kafin nan yana da allunan da zai sauke."

Suka shige suka bar shi. Ya ɗauko tsani ya jingina a bangon tela, ya taka ya hau, da kwat ɗinsa da komai. Tsanin ya ɗan girgiza. Ya leƙo ƙasa yana neman wanda zai riƙe masa. Tela ya koma kan kekensa, mai walda ya ja tabaransa ya rufe ido, matarsa ta ɗora ƙullin zannuwa a ka ta kama hanyar gida. Duk layin nan, kowa sai a lokacin ya tuna yana da aiki.